Tafiya Gida Da Yaro Mai Sikila: Shirin Hanya Da Abin Yi Idan Aka Ba Ku Gado A Garin Da Ba Ku San Kowa Ba

Duk shekara idan Sallah ta matso, ko makarantu suka yi dogon hutu, tashoshin mota na Agege, Mile 12, Sabon Shagamu, Sabon Badun, Anacha, Inugu da Fatakwal sukan cika maƙil da mutanenmu masu haramar gida. Ga mai lafiya, tafiyar gajiya ce kawai: ka kwana a zaune, ƙafa ta kumbura, ka isa ka yi barci ka ware. Amma gidan da yake da yaro mai lalura, musamman sikila, wannan tafiyar tana cikin ranakun da suka fi haɗari a shekararsu. Daga Legas zuwa Kano ko Sakkwato kusan kilomita 1,000 ne ko fiye, gwargwadon hanyar da aka bi, kuma a tsakani akwai daji mai nisa wanda babu likitan da ya san yaronka.

Ni ɗan kasuwa ne, ina gama sakandare na shiga taya Baba harkar shanu a Kara. Autar gidanmu, yarinya 'yar shekara 8, tana da sikila, jininta SS ne. Da yake ni ne mai ɗan Turanci a gidan, tun tana goye ni nake riƙe katinta, ni nake raka Inna asibiti. Abin da zan kawo a nan bayanin da likitocinta suka sha maimaita mana ne, haɗe da abin da muka gani da idonmu a hanya da ɗakin jinya. Maganar ta shafi mutane da yawa, don a Najeriya ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da sikila duk shekara, kuma kusan mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da AS.

Me ya sa hanya take tayar da ciwon?

Ƙwayar jinin mai lafiya zagayayyiya ce mai laushi, tana ratsa ƙananan jijiyoyi ba tare da ta maƙale ba, kuma takan yi kwana 120 tana aiki. Ta mai sikila kuwa, da zarar iska ta yi ƙaranci a jiki ko ruwa ya ragu, sai ta lanƙwashe kamar lauje ta yi tauri, ta toshe hanyar jini. Wurin da aka toshe shi ne yake wannan azababben ciwon da ke sa yaro ihu. Ita kanta ƙwayar ba ta wuce kwana 10 zuwa 20 take mutuwa, shi ya sa kullum jininsu a ƙasa yake.

To, duba abubuwan da suke sa ƙwayar ta lanƙwashe: ƙishirwa, sanyi, zafi mai sa gumi, gajiya, zazzaɓin cizon sauro da sauran cututtuka. Wallahi babu ɗaya a ciki da doguwar mota ba ta tara ba. Da rana zafi, da dare iska ko sanyin esi, ga rashin barci, ga sauro a inda aka yada zango.

Babbar matsala ita ce ruwa. Iyaye da yawa sukan rage wa yara ruwa a mota don kada su dami direba da fitsari. Ga mai sikila wannan ganganci ne. Ƙodarsa ba ta iya riƙe ruwa kamar ta sauran yara, ko bai sha ba fitsarin zai yi ta zuwa, don haka jikinsa yakan bushe da wuri. Gara a yi ta tsayawa, ko a ɗauki gora da fo da famfas, da a hana shi sha.

Sai canjin yanayi. Yaron da ya tashi a Ikko ya saba da iska mai laima. Ka kai shi Katsina a watan Disamba cikin hunturu, ko Sakkwato a watan Afrilu zafi ya haura digiri 40, jikinsa zai ji abin da naka bai ji ba.

Kafin a biya kuɗin mota

Mu masu shanu ba ma loda dabba sai mun duba ta. Wadda ta yi laushi a bar ta ta murmure, don kowa ya san abin da hanya take yi. Ɗan mutum ya fi cancantar wannan dubawar. Mako 1 ko 2 kafin tafiya ka kai shi asibitin da ya saba, ka gaya wa likita inda za ku, da irin motar, da kwanakin da za ku yi. Idan bai jima da tashi daga ciwo ba, ko yana tari da zazzaɓi, a ɗaga tafiyar. Sallah tana dawowa baɗi.

Ka roƙi likita ya rubuta maka taƙaitaccen bayani da Turanci, da hatimin asibiti. A ciki a sa nau'in sikilarsa, rukunin jininsa, nauyinsa, magungunan da yake sha, maganin da jikinsa ba ya karɓa, sau nawa aka taɓa ƙara masa jini, da ko ƙarin ya taɓa ba shi matsala. Abu mafi muhimmanci a takardar shi ne adadin jininsa na yau da kullum, abin da suke kira PCV. Dalili kuwa, mai sikila yana iya yawo lafiya lau da adadin da idan aka gani a jikin wani yaron hankali zai tashi. Likitan da bai san shi ba, idan babu wannan lambar, ba zai gane ko jinin ya faɗi ne yau ko dama haka yake ba. Ka ɗauki hoton takardar a waya, ka tura wa mutum 2 a gida ta WhatsApp, asalin kuma a sa a leda.

Magunguna a ɗauki wanda zai isa har a dawo, a ƙara na mako 2 a kai. Yawanci akan ba su folic acid, da maganin kariyar zazzaɓi irin su Paludrine, ƙanana a haɗa musu da penicillin, wasu kuma suna kan hydroxyurea wanda ba kowane kemis yake da shi ba. Sai maganin ciwon da likitansa ya yarda da shi, an rubuta adadin da za a ba shi. Duk wannan a ƙaramar jaka a kan cinya. Kada a sa a buhun kaya da za a ɗaure a but ko saman mota.

A cikin jakar a ƙara ma'aunin zafin jiki, ƙullin gishiri da sukari na ORS, rigar sanyi, safa, hula, ƙaramin bargo, fulas na ruwan ɗumi, tawul, da gidan sauro. A duba katin rigakafi ma, domin lokacin rani shi ne lokacin sanƙarau a Arewa.

Kuɗi kuma a raba shi gida 3: tsaba a jiki, katin banki, da asusun wani na gida da zai iya turowa nan take. Wanda ya ga wahalar takardun naira a farkon 2023 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Idan kana da inshorar lafiya ta jiha, kamar Ilera Eko ta Legas, ka tambaye su tun kana gida ko tana aiki a wajen jihar.

Wace mota, wace hanya?

Na san yadda muke yi: tirela ta sauke shanu za ta koma, direban na gida ne, sai a ce a bi shi a huta da kuɗin mota. Don Allah ban da yaro mai sikila. Iska, ƙura, rana da raɓa duk a kansa za su ƙare. Babbar bas ta dare ma tana da nata: sanyi, ga shi direba ba zai tsaya a daji da tsakar dare ba saboda tsaro, ko da yaro yana kuka. Tafiyar rana a ƙaramar mota ta fi, kuma idan da hali a raba ta biyu, a kwana a Ilori ko Lakwaja ko Abuja. Inda jirgin ƙasa yake aiki, kamar Legas zuwa Badun ko Abuja zuwa Kaduna, yana da sauƙi don akwai banɗaki kuma yaro zai miƙe ƙafa. Jirgin sama yana gajarta wahala, amma iskar da ke cikinsa ba ta kai ta ƙasa ba, saboda haka sai likita ya amince.

Tun a tasha ka ja direba gefe ka gaya masa: "Direba, ina da marar lafiya, za mu riƙa tsayawa fitsari, kuma idan abu ya taso zan ce ka sauke mu a asibiti." Yawancinsu idan an faɗa musu tun farko ba sa musu. Ka zaunar da yaron inda iskar taga ba ta dukansa, nesa da zafin inji. Duk inda aka tsaya ya sauka ya taka. Ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, kuma ka riƙa duba fitsarinsa, idan ya yi duhu ruwan bai isa ba. Abinci na gida wanda ya saba. A yi hattara da abincin bakin hanya, don gudawa da amai suna ƙarar da ruwan jiki cikin 'yan awoyi.

Ka san manyan asibitocin hanyarka kafin ka tashi. Masu bin Ilori: akwai UCH a Badun, asibitocin koyarwa a Ogbomosho, asibitin koyarwa na Jami'ar Ilori. Daga Jabba zuwa gaba tazara takan yi yawa, sai asibitocin gwamnatin jiha a Makwa da Kwantagora, da asibitin tarayya na Bidda, sannan na tarayya a Birnin Kebbi da asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Masu bin Okene: asibitin tarayya na Owo, na Lakwaja, asibitin koyarwa na Gwagwalada, Barau Dikko a Kaduna, Shika a Zariya, sai Malam Aminu Kano da Hasiya Bayero a Kano. Masu tasowa daga Fatakwal da Aba: asibitin tarayya na Umuahia, asibitocin koyarwa na Inugu, na Makurɗi, tsohon asibitin Dalhatu Araf a Lafiya, na tarayya a Kefi, da JUTH a Jos. Ka ajiye lamba 112 ta gaggawa da 122 ta jami'an kiyaye haɗurra.

Alamomin da ba a cewa bari mu ƙarasa

Ciwon ƙafa ko hannu marar tsanani, babu zazzaɓi, yaro yana sha yana magana, ana iya ba shi maganinsa, a ƙara ruwa, a gasa wurin da tawul mai ɗumi, a lulluɓe shi. Ƙanƙara ko ruwan sanyi ƙara toshe jijiyar suke yi. Amma akwai alamomin da idan ka ga ɗaya, tafiya ta tsaya:

Zazzaɓi da ya kai 38 a ma'auni. Saifar mai sikila takan daina aiki tun yana ƙarami, ita ce kuwa take tace ƙwayoyin cuta daga jini. Shi ya sa cutar da wani yaron zai yi kwana 3 yana fama da ita, shi tana iya kayar da shi a yini ɗaya. Ba a danne zazzaɓin da farasitamol a ci gaba da tafiya.

Ciwon ƙirji, tari, numfashi da sauri ko da ƙyar. Wannan alamar huhu ne ya kamu, kuma yana cikin abubuwan da suka fi kashe masu sikila.

Tafin hannu, leɓe da cikin ido su yi fari fat farat ɗaya, jiki ya saki, ciki ya kumbura ta hagu. Jini ne ya taru a saifa, an fi gani a ƙananan yara, kuma awoyi kaɗan ne tsakaninsa da mutuwa idan ba a ƙara jini ba.

Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta ƙi ɗaguwa, magana ta sarƙe, jijjiga, matsanancin ciwon kai, ko barcin da aka kasa tashinsa. Shanyewar ɓarin jiki tana kama yara masu sikila, ba sai tsofaffi ba.

Amai da gudawa har ya kasa riƙe ruwa, ido ya ƙara yin ɗorawa da fitsari kamar shayi, ko ciwon da magani ya kasa kwantarwa. Ga yaro namiji, idan gabansa ya miƙe yana ciwo ya haura awa 2, kada kunya ta hana faɗa.

A irin wannan hali asibiti mafi kusa ake nema, ko da kuwa yana bayanku ne. Zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri. Kuma a guji tsayawa kemis a ce a yi masa allurar kashe ciwo. Ciwon zai lafa, abin da ke cinsa a ciki yana nan, ga shi irin allurar nan ta fenta ta jefa matasa masu sikila da yawa cikin jaraba da gyambo.

Mu ma abin ya taɓa ritsawa da mu. Wata tafiyar Babbar Sallah, ni da Inna da ita, mun baro Kudu lafiya. Wajen la'asar ta fara cewa bayanta, kafin magariba ma'auni ya nuna 38.9, tana numfashi sama-sama. Fasinjoji suka kasu biyu, wasu na cewa a lallaɓa a kai gida, wani dattijo ya ce wa direba: "Ɗana, ka sauke su, rai ya fi Sallah." Aka sauke mu a ƙofar wani babban asibiti a garin da ko mutum ɗaya ba mu sani ba. Kwananmu 6 a can, a ɗakin yara muka yi Sallah. Abin da ke biye daga wannan zaman na koye shi.

Daga ƙofa zuwa gado

Kada ka bi layin masu ganin likita na yau da kullum. Ka tambayi sashen gaggawa na yara. A wasu asibitocin za ka ga an rubuta EPU, a wasu CHER. Kalmar farko da za ta fito bakinka ita ce sikila, sai zazzaɓi ko numfashi, sannan ka miƙa takardar likitansa. Idan ku biyu ne, ɗaya ya tsaya da yaro, ɗaya ya tafi yankar kati da biyan kuɗi.

Game da kuɗi, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin ba mutum taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Saninta yana da amfani, ka ambace ta cikin ladabi idan aka ce sai ka ajiye kuɗi kafin a taɓa yaro. Sai dai ba ta ce jinya kyauta ce ba. Gwaji, ruwa, allura, safar hannu, iskar oksijin, duk za a rubuto maka. Ka biya a wurin biya na asibiti kawai, ka karɓi rasit, ka tara su a leda ɗaya. Idan aljihu ya gaza, manyan asibitocin gwamnati suna da ofishin walwalar marasa lafiya, ka nemi ganinsu tun kafin bashi ya taru.

Za su ɗebi jini su duba adadinsa da zazzaɓin cizon sauro, su sa ruwa, su ba da maganin ciwo da na kashe ƙwayoyin cuta, wataƙila a yi hoton ƙirji. Kada ka taɓa robar ƙarin ruwa don ka ga tana ɗiga a hankali. Da lissafi aka saita ta, ruwa idan ya yi yawa huhu yake cikawa.

Idan aka ce jini, yawanci za a ce ka kawo wanda zai bayar a madadin ledar da za a ba ku. A nan baƙo yake gane baƙuncinsa. Abin da na yi shi ne, bayan sallar asuba na tsaya a masallacin asibiti na yi bayani, aka haɗa ni da wani mai shayi, shi ya kai ni gidan Sarkin Hausawan garin. Kafin azahar samari 3 sun zo. Kusan duk garin da ke kan waɗannan hanyoyi akwai Sabo ko Zango, akwai mahauta, 'yan albasa da 'yan tasha. Mai bayarwa ya kasance ya kai shekara 18, nauyinsa ya kai kilo 50, yana da lafiya, kuma ga mai sikila an fi son jinin AA. Ka guji masu rakuɓewa a bakin ƙofa suna cewa za su sayar maka da jini. Ka tabbatar an gwada ledar daga cutar HIV, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere, kuma an gwada dacewarta da jinin yaron. Lokacin da ake ƙarawa kada ka matsa, idan ka ga rawar sanyi, ƙaiƙayi ko numfashi ya canza ka kira nas nan take.

Harshe ma wani abu ne. Inna ba ta jin Turanci, broka ma kaɗan-kaɗan. Idan babu mai fassara a cikinku, ku tambaya, da wuya a rasa mai jin Hausa cikin ma'aikata, masu gadi ko 'yan jinya. Kada a sa hannu a takardar da ba a fahimta ba. Matambayi ba ya ɓata.

Zaman jinya

A ɗakin yara mutum ɗaya ake bari ya kwana, kuma yawanci mace. Namiji sai baranda, masallaci ko masauki. Za ku buƙaci bokiti, buta, tabarma, kofi, cokali, sabulu, tocila da abin cajin waya. Duk ana samu a bakin asibiti, amma da tsada, gara ka shiga kasuwar gari.

Ka sayi ƙaramin littafi. Ka rubuta lokacin da aka ba da kowane magani, zafin jiki, sau nawa ya yi fitsari, me ya ci. Ma'aikata suna canjin aiki safe, yamma da dare, kai ne kaɗai ba ka canzawa. Manyan likitoci da safe suke zagaye, kada a neme ka a rasa a lokacin. Ka tanadi tambayoyinka: me ake zargi, me gwaji ya nuna, nawa jininsa yake yau, me ake jira kafin sallama. Ka ba su lambar asibitin da ya saba idan suna son tuntuɓa.

Ka girmama nas-nas, su ne suke tare da yaronka da ƙarfe 2 na dare. Gaisuwa da godiya suna buɗe ƙofar da faɗa ba ya buɗewa. Amma idan ka ga yaro ya canza, ka faɗa, ka sake faɗa, kai ka fi kowa sanin yadda yake idan yana lafiya.

Wani abu da likita ta ja mana kunne a kai: matsalar huhu takan ɓullo kwana 1 zuwa 3 bayan an kwantar da yaro saboda ciwon ƙashi, domin ciwo yana hana shi jan numfashi sosai. Shi ya sa suke so ya riƙa zama, yana jan dogon numfashi, yana hura balan-balan, ya taka idan zai iya. Shi ya sa kuma bai kamata ka matsa a sallame ku don ciwo ya ɗan lafa ba. Waya za ta yi ta shigowa daga gida: ku taho mana, a ƙarasa a nan. Idan ka dage, takarda za su ba ka ka sa hannu cewa da kanka ka ɗauke shi, sauran kuma kai da daji. Ka zaɓi mutum ɗaya a dangi ka riƙa ba shi labari, shi ya sanar da saura. Haka harkar kasuwa, ka damƙa wa wanda ka yarda da shi, hankalinka ya zauna wuri ɗaya.

Ranar sallama da bayanta

Kada ka fita sai da takardar sallama mai ɗauke da abin da aka gano, magungunan da aka yi amfani da su, adadin jininsa na ranar fita, da ko an ƙara masa jini, leda nawa. Ka ɗauki hoton sakamakon gwaje-gwaje. Ka tambayi likita kai tsaye: yaushe zai iya hawa mota, kuma gaba za mu yi ko baya? Amsar ta danganta da inda ya fi kusa da asibitin da zai iya kula da shi. Idan ƙauyenku yana da nisa da babban asibiti, wani lokacin komawa Kudu ya fi. Maganin kashe ƙwayoyin cuta a shanye shi duka. Wanda aka ƙara wa jini a sa masa ido har mako 3, idan fitsari ya yi baƙi, ido ya yi ɗorawa ko ciwo ya dawo, a koma asibiti a ce an yi ƙarin jini kwanan nan. Da kun koma, ku kai takardun asibitinsa na asali.

Idan an isa gida kuma, sai a yi haƙuri da masoya. Kaka za ta kawo jiƙo, wani zai ce a yi tsaga ko ƙaho, wani zai sayo maganin ƙarin jini na kwalba. Da kyakkyawar niyya suke yi, amma tsaga ƙofar cuta ce, maganin kwalba kuma yawanci sinadarin ƙarfe ne a ciki, wanda yake iya yi wa mai sikila yawa, musamman wanda ake ƙara wa jini. Addu'a da tofi babu mai hanawa, magungunansa dai kada a ajiye. Wanka da ruwan ɗumi, kwana a gidan sauro, yawon Sallah da gorar ruwa a hannu, a dawo kafin rana ta take.

Mafi yawan wannan shiri ya shafi sauran yara masu lalura. Mai asma, abin shaƙarsa a aljihu, a rufe masa hanci daga ƙurar hunturu. Mai farfaɗiya, kada a tsallake magani ko sau ɗaya, idan ta tashi a kwantar da shi ta gefe, ba a cusa cokali a baki, ba a ɗura komai, idan ta wuce minti 5 sai asibiti. Mai ciwon sukari, allurarsa a wuri mai sanyi nesa da rana, da ɗan abin zaƙi a kusa.

Kira ga shugabanninmu

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sarakunan Hausawa, shugabannin kasuwannin shanu da na tasha, da ƙungiyoyin matasa za su iya yin abu mai sauƙi: kowace unguwa ta rubuta samarin da suka san rukunin jininsu kuma suka yarda a kira su, a kuma yi musayar lambobin waya tsakanin Sabo da Sabo a kan hanya, yadda baƙon da aka sauke da yaro a Ilori ko Lakwaja zai san wanda zai kira. Mazauna Legas kuma su sani akwai cibiyar masu sikila ta ƙasa a Idi-Araba, daura da asibitin LUTH, ana gwaji ana ba da shawara. Samari da 'yan mata, a yi gwajin jini tun kafin magana ta yi nisa, domin AS da AS kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 ya zo da SS.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya, ya kai matafiya gida lafiya ya dawo da su lafiya.